Yogot Tatacce Irin Na Girka: Shin Ya Dace Da Mai Rage Ƙiba?

Duk wanda ya taƙaita cin abinci domin ya zubar da kitse yana fuskantar haɗarin zubar da tsoka tare da shi, domin jiki idan ya rasa isasshen abinci ba ya tsayawa kan kitse kaɗai. Abin da ke kare tsokar shi ne ɗaga nauyi da kuma isasshen furotin, wanda masana abinci na 'yan wasa suka fi ƙiyasta shi tsakanin giram 1.6 zuwa 2.2 a kan kowane kilo na nauyin mutum a rana. Ke nan mai kilo 70 yana buƙatar aƙalla giram 112, kuma samun wannan adadi ba tare da tara kalori ba shi ne wahalar. Da wannan ma'auni na auna yogot tatacce marar maiƙo kuma marar sukari, wanda ake kira na Girka.

Bambancinsa da yogot na yau da kullum shi ne tacewa. Bayan madarar ta yi tsami ta kama, sai a tsiyaye ruwanta, abin da ya saura ya yi kauri har cokali ya iya tsayawa a ciki. A giram 100 ana samun furotin kusan giram 10 da kalori kusan 60, alhali cikakkiyar madara mai kalori kusan ɗaya da wannan ba ta ba da fiye da giram 3 da ɗoriya. Cuku mai tauri irin Cheddar ya fi shi furotin, wajen giram 25, amma yana zuwa da kalori kusan 400, saboda kowane giram na maiƙo kalori 9 ne, na furotin kuwa 4. A nan ne yogot ɗin ya yi zarra, domin kwanon giram 200 yana ba da furotin giram 20 ba tare da ya cinye kason kalorin ranar ba.

Ƙoshinsa ma abin yabo ne. Mafi yawan furotin ɗin madara kesin ne, kusan kashi 80 cikin 100, kuma shi kesin a hankali yake narkewa a ciki, shi ya sa na fi son shan wannan yogot da daddare ko kuma lokacin da tazara tsakanin abinci za ta yi tsawo.

Ɗanɗanon dai sai an saba. Yana da tsami, kuma da yake an cire maiƙon, yakan bar ɗan bushewa a harshe. 'Ya'yan itace kaɗan suna gyara shi, amma wanda zai zuba masa zuma cokali uku gara ya sayi mai maiƙo kashi 2 cikin 100 ya sha shi haka nan. Tacewar tana rage sukarin madara, wanda hakan sauƙi ne ga waɗanda madara ke kumbura musu ciki, sai dai ba ta kawar da shi duka, kuma tana tafiya da wani kaso na kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi.

Inda ake yaudarar mai saye shi ne rubutun jikin roba. Akwai waɗanda ba a tace ba, sitaci ko kirim aka sa suka yi kauri, akwai kuma masu ɗanɗanon 'ya'yan itace da aka cika da sukari. Na gaskiya madara ce da ƙwayoyin tsami kawai, kuma idan furotin ɗin bai kai giram 8 a giram 100 ba, ni ba na ɗauka.

Yogot ba ya narkar da teɓa da kansa, duk da abin da masu talla ke son a ɗauka. Mai shan sa fiye da buƙatar jikinsa zai ƙara nauyi kamar mai cin kowane abinci. Amma ga wanda yake lissafin abin da yake ci, yake kuma ɗaga nauyi, ina ba da shawarar a saye shi, marar sukari, babbar roba, a riƙa auna shi kafin a sha.