Shafi goma a takarda ko sauraro a waya?

Wanda ya daɗe rabonsa da littafi, sai ya fara gano abin da ya hana shi: kasala ce ko rashin lokaci.

Idan kasala ce, takarda ta fi. Nemi ƙaramin littafin labari da bai wuce shafi 100 ba, ka yanka wa kanka shafi 10 kullum bayan sallar Asuba, wayar kuma ka bar ta a wani ɗakin. Kwana 10 ka gama. Inda aka fi faɗuwa shi ne farawa da ƙaton littafi don burga, ko karatu a kwance bayan Isha'i, shafi biyu barci ya sace mutum. Littafin da bai ja ka ba har shafi 30, ajiye shi, ba bashi ba ne.

Idan kuwa lokaci ne babu, sauraron karatun littafi a waya ya fi, a cikin adaidaita sahu ko wajen girki da wanki. Sauke karatun a waya tun a gida, saboda sabis yana yankewa a hanya. Illarsa hankali yana tafiya, babi ya wuce ba a riƙe komai ba. Labari ya dace da kunne, amma fiƙihu da lissafi sai da biro a hannu.