Zinariya ko azurfa: wacce ta fi iya riƙe haske?

In aka mayar da ƙarfe irin zinariya ko azurfa ƙwayoyi masu faɗin nanomita 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), lantarkin jikinsu yakan kaɗa tare da hasken da ya sauka kansu, har ya matse hasken a ɗan wuri. A nan zinariya da azurfa suke raba hanya.

Azurfa ta fi kaifi wajen kama haske. Ƙwayoyinta a ruwa suna kama haske mai tsawon zango wajen nanomita 400 (tsawon zangon haske ne yake ba shi launinsa), ruwan ya zama rawaya, kuma ba ta ɓarnar hasken sosai. Matsalarta ɗaya: tana dusashewa. Duk mai awarwaron azurfa ya san yadda yake baƙi in ya jima a ajiye, to sulfa ce ta iska, wato farar wuta, take cinsa.

Zinariya tana kamawa wajen nanomita 520, ta ba da ja. Tana shanye wani kaso na hasken, amma ba ta tsatsa. In aka miƙar da ƙwayar ta zama sanda, sai kamun ya matsa zuwa hasken da ido ba ya gani. Jan layin nan na gwajin maleriya na gaggawa, galibi ƙwayoyin zinariya ne. Ni dai, in aikin zai taɓa jini, ita zan ɗauka.