Hitar ruwa ta sola mai kwalabe: yadda na same ta a Jos

Duk wanda ya san sanyin Jos a Disamba da Janairu ya san wankan asuba ba wasa ba ne, shi ya sa na sa aka ɗora mana hitar nan ta sola a kan rufi, mai dogayen kwalaben gilashi 20 da tankin lita 200 kwance a samansu. Gaskiya ta biya ni, kuɗin gas da gawayin dafa ruwa ya ragu sosai, kuma a kawo wuta ko kar a kawo ba ruwanmu.

Kowace kwalba gilashi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar flas ɗin shayi, to ko hunturu na kaɗawa zafin ba ya gudu. Da rana tsaka ka taɓa jikin kwalbar ba za ka ji wani zafi ba, amma ruwan ciki wallahi sai ya saɓule maka fata, don haka masu yara a sa abin sirka ruwa tun ranar farko. Ruwan da ya yi zafi da kansa yake hawa tanki mai sanyi ya sauko, ba inji ba komai, kuma har gari ya waye da zafinsa.

Inda ta gaza kuwa, a Agusta in hadari ya rufe rana kwana da kwanaki ɗumi-ɗumi kawai za ka samu. Ruwan ma ba ya zuwa da ƙarfi a shawa tunda tawa ba mai firesha ba ce. Ƙurar hunturu tana lulluɓe kwalaben, sai an riƙa hawa da tsumma ana gogewa, ruwan bohol kuma yana tara farin daskare a ciki.

Abin da ya ɓata min rai shi ne falamban da ya haɗa ta, ya bar kwalaben ba ruwa a rana sannan ya sakar musu ruwan sanyi, nan take ɗaya ta fashe ruwa ya tsiyaye kaf. Da sassafe ake cika ta ko da dare bayan kwalaben sun huce. Ku sayi kwalba biyu ku ajiye, kuma ku riƙa duba gindinsu, akwai launin azurfa a wurin, in ya koma fari to iska ta shiga, sai canji.