Wasiƙa daga Gwangzu, ƙasar Sin: batun shagon tausar ƙafa

Assalamu alaikum Yaya. Ya sanyin Jos, ya jikin Inna? Saƙonka ya iso kan shagon tausar ƙafa da kake son buɗewa a wajen Terminus, da injinan da ka ce in yi maka ciniki. Na jinkirta amsa ne don in kai tawa ƙafar tukuna, tunda gani ya kori ji.

A nan shagon tausar ƙafa kamar shagon aski yake a titin Bauchi, ba ka tafiyar minti biyar ba ka ga wani ba. Ranar da na gama zagayen baje kolin Kanton, babban baje kolin kayan kasuwanci na garin nan, a watan Oktoba, ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi ta, sai na faɗa wani shago a Shawbe, unguwar da 'yan Afirka ke taruwa. Na ce namiji nake so ya taɓa ni, ba su yi musu ba. Wanda aka turo min makaho ne. Su a nan makafi makaranta ake sa su su koyi tausa, sana'a ce mai takardar shaida, abin da ya sa na tuna namu da ke zaune bakin Masallacin Juma'a da ƙoƙo a hannu.

Da farko bokitin katako aka kawo, ruwan zafi da wasu ganyaye, na tsoma ƙafa wajen minti goma. Sannan ya tsane ta da tawul, ya shafa mai, ya fara bi da babban yatsa da gaɓar hannu, wani wurin kuma da ɗan guntun icce. Awa guda cur, yuan 80, shayi kyauta. A bango akwai zanen tafin ƙafa an yanka shi gida-gida: babban yatsa wai shi ne kai, ƙasan yatsu huhu, hanta a ƙafar dama, zuciya a ta hagu, gefen ciki kuma ƙashin baya. Da ya danna tsakiyar tafin na yi ƙara, sai mai shagon ya nuna min a waya cewa ƙodata ce ke kuka. Ni dai na san ƙafar da ta yini tana taka siminti ko ina aka danna za ta amsa.

Wannan zanen da ake kira rifileksoloji, kowa ɗauka yake tun kaka da kakanni na Sinawa ne. Tausa dai tsohuwar al'adarsu ce, amma taswirar daga Amurka ta taso. Wani likitan kunne da hanci, William Fitzgerald, shi ya raba jiki kashi goma a tsaye a littafinsa na 1917, Eunice Ingham kuma ta ɗora gaɓoɓin jiki a kan tafin ƙafa a nata na 1938. Wani fadan coci ɗan Suwizalan, Josef Eugster, shi ya yaɗa ta a Taiwan daga ƙarshen shekarun 1970. Gwamnatin Ostireliya ta sa an bincika ta a 2015 tare da wasu hanyoyin magani, ba a samu hujjar cewa tana warkar da wata cuta ba.

Amma barci, Yaya! Ban san lokacin da makahon ya koma ɗaya ƙafar ba. Daren nan na yi barcin da rabona da irinsa tun ina gida. Ƙafa ɗaya ƙashi 26 gare ta, ga jijiyoyi, ita ke ɗauke da mutum yini guda, in aka samu mai lallaɓa ta dole kai ma ya sauke. To ai abin da jikoki ke yi wa Inna kenan bayan isha'i da man kaɗanya, ba ko sisi. Abin da Sinawan suka fi mu shi ne kujera mai kwanciya, tawul mai tsafta ga kowane mutum, agogo, da farashi a rubuce. Mai yankan farcenmu da ke yawo yana kaɗa almakashi bai gaza su iya hannu ba, wurin zama ne ba shi da shi.

Injinan na gwada kala-kala. Akwai mai murzawa, akwai mai matsewa da iska, akwai mai ɗumama ƙafa. Ba wanda ya kamo rabin hannun makahon nan, ga nauyi a kago, wato wajen jigilar kaya, ga shi in an ɗauke wuta ya zama matashin ƙafa. Shawarata ka nemi samari biyu da mata biyu su koya, ɗakin mata daban. A Abuja masu zaman ofis za su biya don gajiya. A Jos kuwa kasuwarka 'yan Farin Gada ne masu yinin tsaye, musamman da hunturu lokacin da faso ke tsaga dunduniya, sai ka haɗa da goge kaushi.

Don Allah kada ka rubuta a allo cewa ana maganin suga ko hawan jini. Wanda sharaɓarsa ɗaya ta kumbura tana zafi, kada a danna, asibiti za a tura shi, don jini na iya daskarewa a nan. Inna kuma, tunda suga ya rage mata jin ƙafa, ba ruwan zafi, ba icce, hannu kawai a hankali, maganinta kuma ya ci gaba yadda likita ya rubuta.

Na sa maka inji ɗaya na gwaji da bokitai shida a kagon ƙarshen wata. Kan filogin ba irin namu mai baki uku ba ne, sai ka sa a canza. In akwai mai tahowa, a ba shi kuka da yajin Inna, nawa ya kusa ƙarewa.