Ƙwayar zinki mai narkewa ta yara masu zawo: tana aiki in an kai ta kwana goma

Uwar da ta kawo yaro mai zawo farmasi ko CSI (ƙaramin asibiti) a nan Tawa, abu biyu ya kamata a haɗa mata: ƙunshin SRO, garin gishiri da sukarin nan, da katin ƙwayar zinki, guda goma, kowace miligiram 20. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a riƙa haɗa su. A ganinmu ƙwayar ta ci kuɗinta. Aibinta biyu ne, ɗanɗano da amai.

Zinki sinadari ne da jiki ke buƙata daga abinci. Jiki ba ya da rumbun ajiye shi, kullum sai an ci. Hatsi, dawa da wake suna da shi, amma akwai wani sinadari a cikinsu da yake riƙe shi, hanji ya kasa tsotsa. Wanda jiki ya fi karɓa yana cikin nama, hanta da kifi, su kuwa ba kowane gida ke ganinsu kullum ba. Zawo ya zo ya kwashe ɗan abin da ya rage. Yaro ya ƙi abinci, gyambo ya ƙi warkewa, tsawo ya tsaya, zawon ya sake dawowa. Ƙwayar tana rage kwanakin zawo da ƙarfinsa, tana kuma rage dawowarsa har wata biyu zuwa ukku.

Yaron da ya kai wata shida, ƙwaya ɗaya a rana. Wanda bai kai ba, rabi. Akwai tsaga a tsakiyarta. A sa ta a cokali da ɗan ruwa mai tsabta ko nonon uwa, kafin minti guda ta narke. Kada a jefa ta cikin litar SRO, don yaro ba ya shanye litar a zama ɗaya, ba za a san nawa ya samu ba.

An sa mata zaƙi, duk da haka tana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, in kuma ciki babu komai tana tayar da zuciya. A ba yaro bayan nono ko kunu. In ya amayar kafin rabin awa, a dakata ya natsu a sake ba shi wata.

Inda aka fi yin asara shi ne rana ta ukku. Zawo ya tsaya, sai a ɗaure sauran bakwai a bakin zane, wai don wani karon. To, waɗannan bakwai ɗin su ne ke cike gibin. A kai kwana goma, har sha huɗu in likita ya ce. Ba kuma ta maye gurbin SRO: ita ba ta mayar da ruwan jiki.

Ƙwayar ba ta son laima da zafi. A bar ta cikin katinta a inuwa, a duba ranar lalacewa. Ta ƴan tebur da ta wuni a ranar watan Afrilu, a bar musu abinsu.

Babba da ke shan ciprofloxacine ko tétracycline, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ya raba su da zinki da awa biyu ko fiye, in ba haka ba zinkin zai rage musu ƙarfi. Yaron da ke kashi da jini, ko idanunsa suka faɗa, ko ya kasa kama nono, a wuce da shi asibiti a ranar.