Gargaɗi kan masu sayar da kebul ɗin da suke cewa yana kwashe bidiyon kaset zuwa kwamfuta ta USB

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda yake da tsohuwar kyamarar bidiyo mai amfani da kaset a gida, yake kuma da niyyar kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta kafin kaset ɗin ya lalace. Akwai masu tallar wani kebul a shafukan sada zumunta da kasuwannin intanet, wanda bakinsa ɗaya na USB ne, ɗayan kuma ƙaramin bakin nan mai haƙora huɗu da ke shiga kafar da aka rubuta wa DV a jikin kyamara. Cewa suke yi da zarar an jona, sai bidiyo ya zuba cikin kwamfuta. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Na saya, kuma asarar da na yi ta fi kuɗin kebul ɗin nesa ba kusa ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, mun tarar da kyamararsa a cikin akwati tare da kaset goma sha ɗaya irin na MiniDV, kowanne bai fi kwalin ashana girma da yawa ba, kuma a jikin kowanne akwai rubutunsa da biro: bikin yayarmu, sunan ɗanta na fari, hawan sallah. Burina shi ne mahaifiyarmu ta sake jin muryarsa. Da na tuntuɓi mai tallar, sai ya ce mini: “Alhaji, kada ka ji komai, jonawa kawai za ka yi, ko yaro ƙarami zai iya.” Na tura kuɗi, kaya suka iso, na jona, kwamfuta ba ta ko nuna alamar an sa mata wani abu ba. Da na koma masa, sai ya ce manhaja ce babu, in ƙara kuɗi ya turo mini. Da na ƙi, na nemi ya mayar mini da kuɗina, sai ya toshe lambata.

Wani dattijo mai gyaran kyamarori na kai wa. Ya juya kebul ɗin a hannunsa, ya ce: “Malam, wa ya haɗa ka da wannan?” Sai ya ɗauki reza ya tsaga robar bakin USB ɗin a gabana, kuma babu komai a ciki sai siraran wayoyi da aka liƙa kai tsaye daga wannan baki zuwa wancan, ba tare da ko ƙwayar aisi ɗaya ba, wato ɗan guntun nan na lantarki da ke sarrafa bayanai. Daga nan ya jona kyamarar da tasa kwamfutar ta hanyar da ta dace, amma ita ma ba ta gan ta ba, domin kafar DV ɗin ta riga ta mutu. Kyamarar tana kunna kaset a ɗan allonta har yanzu, sai dai ƙofar da bidiyo zai fita ta rufe.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa wannan kebul ba zai taɓa yin aiki ba, domin mai sayarwa zai yi ta ɗora laifi a kan kwamfutarka. Kafar DV da ke jikin kyamarorin MiniDV, waɗanda suka fara fitowa a 1995, da na Digital8 da kamfanin Sony ya fitar a 1999, ita ce ake kira FireWire ko IEEE 1394, Sony kuma yana kiranta i.LINK. Tsarin da take aika bayanai da shi daban yake da na USB tun daga tushe, kamar mutum biyu ne da ba sa jin harshen juna, ga shi kuma babu tafinta a tsakani, don haka sauya siffar baki ba ya sauya komai, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan. Abin da ya fi muni shi ne USB na ɗauke da wuta mai ƙarfin volt 5, alhali haƙora huɗun nan na kyamara duk na aika bayanai ne, babu na wuta a cikinsu. Idan wutar ta faɗa kansu, tana iya ƙona abin da ke bayan kafar. Wani zai ce ai kyamararsa tana da kafar USB tata. Haka ne, amma a mafi yawansu an yi ta ne domin kwashe hotunan da ke kan memori, ko aika ƙaramin bidiyo maras kyau, ba cikakken abin da ke kan kaset ba.

Hanyar gaskiya ita ce kebul mai bakin FireWire a ɓangarorin biyu, da kwamfutar da take da wannan kafa. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa suna da ita, kwamfutar tebur kuma ana iya sa mata katin FireWire a ciki, sannan a yi amfani da manhaja kamar WinDV, wadda kyauta ce. A kashe kyamara da kwamfuta kafin a jona, musamman idan bakin kwamfutar mai haƙora shida ne, saboda shi yana ɗauke da wuta. Masu kaset ɗin VHS ko Video8 ko Hi8 kuwa, nasu ba dijital ba ne, suna buƙatar na'urar da ke karɓar wayoyin nan uku, rawaya da fara da ja, ta mayar da hoton dijital, ko kuma ɗaya daga cikin kyamarorin Digital8 da ke iya kunna Video8 da Hi8.

Ganin cewa mutane da yawa za su gwammace su ba wani ya yi musu aikin, to a nan ma akwai masu cuta, kuma gane su ba shi da wuya. Kaset ba a kwafe shi kamar fayil, sai an kunna shi daga farko har ƙarshe, saboda haka kaset mai minti 60 yana cin minti 60 cur, kuma duk wanda ya ce zai gama maka guda goma kafin la'asar da kyamara ɗaya, to akwai abin da yake ɓoyewa. Bidiyon DV na awa ɗaya yana cin kusan gigabait 13. Idan aka miƙo maka fayil ɗan ƙarami da za a iya turawa ta WhatsApp, an matse shi an zubar da mafi yawan ingancinsa, don haka ka nemi na asalin. Hoton DV na yau da kullum a tsarin talabijin na PAL da ake amfani da shi a Najeriya 720 ne a 576, wanda ya yi maka alkawarin 4K kuwa yana sayar maka da abin da babu shi a kan kaset ɗin. Kada ka ba da kaset ɗinka gaba ɗaya a karon farko. Ka ba da guda ɗaya, ka tura ɗan makullin da ke gefensa zuwa inda aka rubuta SAVE domin kada a yi ɗauka a kansa, ka kalli sakamakon har ƙarshe da sauti, sannan ka biya.

Abin da ya sa na damu da lalacewar kyamara fiye da kuɗin shi ne an daina ƙera waɗannan na'urori. Ko bidiyon VHS na gida, kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke yin sa, ya daina tun 2016. Duk kyamarar da wannan kebul ya kashe, an rage ɗaya ke nan daga cikin 'yan kaɗan da suka saura.

Sai da na yi makonni ina cigiya kafin na samu aron wata kyamarar a hannun wani tsohon mai ɗaukar bidiyon biki. Kaset tara sun fita lafiya, na ajiye su a wuri biyu daban-daban, biyu kuma suna hannun mai gyara saboda fumfuna ta kama su. Tallar kebul ɗin kuwa na sake cin karo da ita a makon jiya, da hoto iri ɗaya da kalmomi iri ɗaya, sunan shagon da lambar waya kawai aka sauya.