Kyamara ɗaya mai tsada ko biyu masu matsakaicin farashi: abin da mai ɗaukar hoton biki zai auna kafin ya saya

Wanda ya ƙuduri aniyar mayar da ɗaukar hoton biki sana'arsa, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne yadda zai raba ɗan jarin da ke hannunsa. Mai ɗaukar hoton kayan talla idan aiki bai yi kyau ba zai sake jera kayan gobe ya ɗauka, amma biki sau ɗaya ake yin sa, kuma babu wanda zai sake tara dangin ango da na amarya don kyamara ta ba da matsala. Saboda haka ma'aunin da nake bi wajen kwatanta kayan aiki shi ne wanne ne zai fi kare mutum daga komawa gida hannu rabbana, kafin a zo maganar wanne ya fi fitar da hoto mai kyau.

Da wannan ma'auni, kyamarori biyu masu matsakaicin farashi sun fi guda ɗaya mafi tsada nesa ba kusa ba. Kyamara tana faɗuwa, tana jiƙewa, wani lokaci ta tsaya cak ba tare da dalili ba, kuma wanda ke rataye da ta biyu a kafaɗarsa zai ci gaba da aiki cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da kowa ya lura ba. Ya fi dacewa su kasance na kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya, domin batir da gilasai (wato lens da ake ɗaurawa a gaban kyamara) da filasha su riƙa shiga kowacce, kuma launin hotunan ya zo ɗaya lokacin gyara.

Abu na gaba da ake yawan rainawa shi ne gurbin katin memori. Wasu kyamarori gurbi ɗaya gare su, wasu biyu, kuma mai gurbi biyu ana iya saita ta ta rubuta kowane hoto a kan katunan biyu lokaci guda. Na taɓa zama gaban kwamfuta da dare bayan wuni guda na aiki, na sa kati, sai ta ce ba ta gane shi ba, tana neman izinin goge shi. Na cire na sake sawa har sau uku, hannuna yana rawa, sannan na tuna da kati na biyu da ke cikin kyamarar, inda na tarar da komai daram, har da hoton mahaifin amarya yana share hawaye. Tun daga ranar ban ƙara kallon kyamara mai gurbi ɗaya a matsayin kayan aikin biki ba. Canon EOS R da Nikon Z6, waɗanda suka fito a 2018, kyamarori ne nagari amma gurbi ɗaya gare su, yayin da Sony A7 III ta 2018 ita ma, da Canon EOS R6 da Nikon Z6 II na 2020, duk suna da biyu.

Sai zaɓi tsakanin kyamara mai madubi, wadda aka fi sani da DSLR, da marar madubi. Mai madubi irin Nikon D750 ta 2014 ko Canon 5D Mark IV ta 2016 tana da ƙarko, gilasanta sun cika kasuwar kayan hannu, kuma batirinta yana daɗewa: bisa gwajin CIPA, ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara, D750 tana ɗaukar hotuna 1,230 da caji ɗaya, ita kuwa A7 III, wadda marar madubi ce, ba ta wuce 710 ba. Marar madubi tana da nata fifikon da ya dace da biki sosai, domin tana bin idon mutum da kanta ko yana tafiya, tana nuna hasken hoton kafin a danna, kuma tana iya ɗauka shiru ba ƙara a lokacin da jama'a suka nutsu. Sai dai a yi hattara, ɗauka shiru a ƙarƙashin wasu fitilun LED takan bar zane-zane a jikin hoto. Tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga marar madubi, don haka mai farawa daga tushe gara ya bi wannan hanya. Wanda kuwa ya riga ya tara gilasan mai madubi ba ya buƙatar gaggawa, tunda akwai mahaɗin da ke ba su damar aiki a kan sababbin kyamarori.

Girman sensa, wato farantin da ke kama hasken hoto a cikin kyamara, ma abin dubawa ne. Babbar sensa mai milimita 36 da 24 ta fi jure ƙarancin haske a ɗakin taro, ƙaramar da ake kira APS-C kuwa ta fi araha da sauƙin ɗauka. Batun yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigogin da ke haɗa hoto, bai kamata ya ɗauke hankali ba, domin 24 sun isa a buga babban albam, kuma 45 za su kusan ninka girman kowane fayil, su cika rumbun ajiya, su rage wa kwamfuta sauri.

Inda ya cancanci a zuba kuɗi ba tare da ƙyashi ba shi ne gilashin kyamara, domin kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, amma gilashi mai kyau yana iya yin shekara goma yana aiki. Akwai hanya biyu. Ta farko ita ce masu zuƙowa, wato masu milimita 24-70 da 70-200, dukansu masu ƙofar haske f/2.8 (ƙaramar lamba bayan f tana nufin ƙofa mai faɗi), waɗanda da su biyu ake ɗaukar taron dangi gaba ɗaya da kuma fuskar amarya daga nesa ba tare da an tare wa baƙi gani ba. Aibinsu tsada da nauyi, kuma wanda ya rataya 70-200 na awa goma zai ji a wuyansa. Ta biyu ita ce marasa zuƙowa, kamar 35 da 85, waɗanda suka fi sauƙi kuma suka fi shigar da haske, domin f/1.4 tana shigar da ninki huɗu na hasken f/2.8. Amma mai su dole ya riƙa matsawa da ƙafarsa, kuma a cunkoso ba kullum ake samun wurin matsawa ba. Ra'ayina ga mai ƙaramin jari shi ne ya sa 24-70 a kyamara ɗaya, ya sa 85 mai f/1.8 a ɗayar, ya bar 70-200 sai sana'ar ta saya masa da kanta.

Wannan ya kawo mu ga sabo, ko na hannu, ko haya. Sabo yana zuwa da garanti, amma cin bashi don sayensa kafin a samu masu ba da aiki yana tilasta wa mutum karɓar kowane biki a kowane farashi, kuma da haka ake gajiya a bar sana'ar. Kayan hannu hanya ce mai kyau muddin an duba adadin ɗaukar da kyamarar ta yi, tunda an ƙera labulen da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, na D750 da na 5D Mark IV, ne ya kai ɗauka kimanin 150,000, sannan a haska gilashi da fitila a nemi ƙura ko fumfuna a ciki. Haya ta fi dacewa da abin da ba a buƙata kowane mako, kuma tana ba da damar gwada kaya a biki na gaske kafin a saya.

Kada kuɗin ya ƙare kafin a sayi filasha biyu, da batura na ƙari, da wurin ajiya. Tsarin da ƙwararru ke bi shi ne kwafi uku na kowane aiki, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida ko a ma'ajiyar intanet, kuma ba a goge katin biki sai an buɗe kwafin an tabbatar suna aiki.